Ni da Surukina a Cikin Gajimare

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa, da ranar da gajimare ya yaye a kan tsaunin Mambila ya bar ni a fili, kumatuna cike da dambun nama, alhali na shaida wa jama'a cewa azumi nake yi. Har yau idan abin ya faɗo mini ina kan keken ɗinki, sai in ji ƙafata ta tsaya da kanta.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake, don ku san inda za ku ajiye ni. Ni tela ne a Jimeta. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a fannin damuwa ban ga abin da wata makaranta za ta ƙara mini ba. Ni ne wanda zai kulle shago, ya kai ƙofar gida, ya dawo ya ja kwaɗon ya ji ko ya kama. In na yi alwala sai in tsaya ina tunanin ko na shafi kunnen hagu. (Yawanci na shafa. Amma sai na sake.)

Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas ne, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ni ma ban daɗe da aure ba. Matata Dija 'yar cikin garin Yola ce, gidan Fulani na asali. Ni kuwa a bakin kasuwar Jimeta na tashi, inda mutum zai sayi ƙosai ya ci yana tafiya, ba wanda zai waiwaye shi. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Bappa, dattijo ne dogo, siriri, marar yawan magana. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa fuskantata ya yi mini magana ba. In na je gaisuwa na durƙusa a zaure, sai ya amsa yana kallon tabarma. Na san al'ada ce, amma zuciyata ta ƙi yarda. Kullum tana gaya mini dattijon nan kallon ɗan tasha yake yi mini, ya ba da 'yarsa ne kawai don ba ya son musu. Burina a lokacin bai wuce ɗaya ba: Bappa ya tabbata 'yarsa tana hannun mutum mai kunya. Kuma a wurinsu babbar kunya ita ce ta abinci. Suruki ba ya ci, ba ya sha a gaban surukinsa. Wannan dokar na riƙe ta da hannu biyu.

To, akwai maƙwabcinmu Malam Filibus, mutumin wajen Numan, malamin firamare. Shi Allah ya ɗora masa son hawa dutse. Duk hutun ƙarshen shekara sai ya ɗebi abokai ya tafi yawon tsaunuka, kuma yana da ƙa'ida: ba ya tafiya da mutanen da suka fi ƙarfin mota ɗaya. Yakan ce in jama'a sun yi yawa, sai wani ya ɓata ba a sani ba sai an zo rabon abinci, amma in kuna kaɗan, ko ɗingishi mutum ya fara an gani. Wata rana ya zo karɓar wandonsa, ya same ni ina sake auna abin da na riga na auna.

"Tela, wannan damuwa naka zai kashe ka kafin ka haihu," in ji shi. "Bana da kai za mu je Mambila. Ka shaƙi iskar da ba ta bi ta kasuwa ba."

Na kawo hujjoji iri-iri, har da macizai da 'yan fashi. Dija ce ta kashe maganar. Ta ce, "Ka tafi mana. Ni ma in huta da tambayar ko na rufe randa."

Na yi mako ina haɗa kaya. Na ɗauki gidan sauro, da mafici, da laima, da kwinin, da man zafi, da allura da zare. Bargo ne kawai ban ɗauka ba. Malam Filibus ya ce ana sanyi a can, na ji, amma mutumin da ya tashi a zafin Yola in ka ce masa sanyi, abin da yake hangowa bai wuce ya sa riga biyu ba. Dija kuma ta cika mini gwangwani da dambun nama, ta ɗaure shi cikin tsumma.

Ranar tafiya da asuba na isa inda motar take. Landiroba ce ta wani abokinmu Buba direba, mai kai kaya Gembu, mutum mai bakin tsokana. Na leƙa gidan gaba don in ajiye jakata, sai na ga farin rawani. Bappa ne a zaune, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ashe wani abokin Malam Filibus da za mu tafi da shi ne ya fasa, Bappa kuma ya ji labarin mota za ta Mambila, inda ya yi kiwo yana yaro, sai ya ce a ba shi wurin. Dija ta sani tun jiya. (Daga baya na tambaye ta, ta ce, "Da na gaya maka, da ba ka yi barci ba, ni ma da ban yi ba.")

Na zube a ƙasa na yi gaisuwa. Ya amsa yana kallon gilashin mota. Buba ya ce, "Ango, shiga baya. Kada ka damu, Bappa ba ya cizo."

Mu huɗu ke nan. Muka bi ta Ngurore muka miƙa, kwana da kwanaki muna tafe, a wani kogin ma sai da aka ɗora motar a jirgin fito. A wannan ɓangaren ban sha wahala ba, domin duk garin da muka tsaya akwai bango. Sai in ce zan zaga, in lallaɓa bayan wata rumfa in sayi waina in tura, in goge baki sosai, in dawo kamar ban san akwai abinci a duniya ba. Har ina yabon kaina.

Sai muka fara hawan tsaunin. Hanya ta dinga naɗewa kamar igiya, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Da muka kai sama Buba ya kashe mota, na fito, sanyi ya mare ni. Na dubi gabas da yamma, ban ga abin da na saba gani ba. Tuddai ne masu santsi, ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta lulluɓe su kamar an shimfiɗa musu mayafi, shanu jajaye a warwatse, ƙoramu suna gudu a tsakani. Kyau kam akwai shi. Amma abin da idona ya fara lura da shi daban ne: babu bishiya, babu bango, babu rumfa. Ko akuya ba ta da inda za ta ɓuya.

Haƙorana suna ta haɗuwa, sai na ji Bappa ya ce wa Buba, "Ka ba abokinku wannan. Ya yi mini nauyi." Bargonsa ne na biyu. Na karɓa daga hannun Buba, na yi godiya ga Buba, shi kuma ya ce, "Ni me nawa a ciki?"

Muka bar motar a wani ƙauye kusa da Nguroje, muka kama tafiyar ƙasa zuwa rugar 'yan'uwan Bappa. Da rana ta yi tsaka Malam Filibus ya shimfiɗa buhu a kan ciyawa, ya fito da burodi da gyaɗa da dankali dafaffe, ya ce bisimilla. Ga Bappa a zaune ɗan nesa kaɗan. Na duba inda zan zaga, babu. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ai ni azumi nake yi" ba.

Ina rufe baki na gane na yi ƙarya, a gaban surukina kuma. Tun da dai ban ci komai ba tun safe, sai na yi maza na ɗaura niyya a zuci, don maganar ta zama gaskiya. (Ko wannan azumin ya karɓu, har yau ban sani ba. Malamin da na tambaya ya ce niyya sai kafin alfijir, sannan ya tambaye ni ko lafiya nake.)

"Azumi a kan tafiya?" in ji Buba. "Ango, kai da ka kusa cinye wainar Jalingo?"

Ashe ya gan ni. Na yi kamar ban ji ba.

Malam Filibus mutum ne mai kara. Jin ina azumi, sai ya juya mini baya yana cin dankalinsa a ɓoye kamar wanda ya sato, don kada ya tayar mini da kwaɗayi. Wannan ya ƙara mini wani nauyin.

Da magariba muka isa ruga. Aka kawo kindirmo a ƙwarya, mai kauri, mai sanyi, irin wanda ban taɓa gani a Jimeta ba. Bappa ya ce wa Buba, "Abokinku ya sha ruwa." Sannan ya tashi ya nufi wajen shanu. Yanzu na san fili ya ba ni. Amma a lokacin sai zuciyata ta ce, ka gani, ko kallonka ba ya son yi. Kuma ina tsoron kada ya juyo ya same ni da farin gashin baki. Na kurɓa sau ɗaya ko biyu, na ture ƙwaryar, na ce alhamdulillahi na ƙoshi. Buba ya ɗauke ya shanye yana yi mini addu'a. A bukka ɗaya muka kwana mu duka, gwangwanin Dija a ƙarƙashin kaina, murfinsa kuwa irin mai ƙara ne. Ban taɓa shi ba. Kafin alfijir na sake ɗaura niyya, wannan karon yadda ya kamata, don in an tambaye ni kada in sake ƙarya.

Washegari aka ce za a hau wani tudu mai tsawo, wanda Bappa yake son ya kai samansa. Kafin mu tashi Malam Filibus ya kafa mana doka. Ya ce a nan gajimare ƙasa yake saukowa, yana tafiya kamar mutum. In ya rufe mu, kowa ya zauna a inda yake, kada wanda ya ɗaga ƙafa sai ya wuce, domin akwai ramuka.

Muka kama hawa. Dattijon da nake tausaya wa shi ne a gaba, sandarsa a kafaɗa. Ni kuwa tun ba a je ko'ina ba na koma can baya ina jan ƙafa. Kunnuwana suna kuka, ciyawa tana yi mini rawa a ido, cikina yana wani irin gurnani har ina yin tari don in rufe shi. Malam Filibus ya dawo ya karɓi laimata da gidan sauro ya ɗora a nasa kayan. Buba ya rage sauri yana ba ni labarin wata mota da ta taɓa mutu masa a tsakiyar kogi, don kawai in manta da ƙafafuna. Bappa ma na lura yana yawan tsayawa yana gyara takalmi, takalmin da ba abin da ya same shi.

Da hantsi sai ga gajimaren ya taho, fari fat, ba ƙara ba motsi. Kafin in ce wani abu na daina ganin Buba, na daina ganin ƙafata. Na ji muryar Malam Filibus daga wani wuri yana cewa, "Kowa ya zauna."

Na zauna. Na ɗaga hannu a gaban fuskata, da kyar na gan shi. Sai wani tunani ya zo mini, mai daɗi, mai haɗari: ga bango Allah ya kawo.

Na yi ta gardama da kaina. Azumin nafila ne, kuma ni matafiyi ne, kuma in na faɗi a nan wa zai ɗauke ni? Zan rama, har biyu zan rama. Kafin in gama kawo hujja, hannuna ya riga ya kwance tsumman. Na danne murfin da bargo don kada ya yi ƙara. Ban ci kamar mutum ba. Na dinga dumbuza ina turawa, ban tauna na farko ba na ƙara na biyu, don ban san yaushe bangon zai tafi ba. A kusa da ni ina jin wata 'yar ƙara kamar ana tauna, na ce a raina saniya ce, ita ma Allah ya ba ta nata.

Sai iska ta buso, gajimaren ya yaye gaba ɗaya kamar an ja labule. Rana ta haske ko'ina.

Ba saniya ba ce. Bappa ne, kusa da ni har sandarsa tana iya taɓa ni, ya sauke rawani daga baki, gwangwani irin nawa a kan gwiwarsa, hannunsa a ciki. Ashe shi ma Dija ta cika masa nasa.

Idona ya shiga nasa, karo na farko tun da na san shi. Kumatuna kuwa kamar na gwaggon biri. Mai hankali zai sunkuyar da kai ya tauna a hankali. Ni sai na ga ya wajaba in haɗiye duka a lokaci ɗaya, in durƙusa, in kuma yi gaisuwa. Duk wanda ya san dambun nama ya san ba a yi masa haka. Ya tsaya mini a wuya, ba gaba ba baya. Na buɗe baki ba iska. Na faɗi a kan hannuwana ina kakari, hawaye suna zuba.

Ban san dattijon yana da irin wannan saurin ba. Ya yar da gwangwaninsa, ya cafko ni ta ƙeya kamar ɗan maraƙi, ya dinga dukan bayana da tafin hannu. A duka na ƙarshe abin ya fito, kuma bai zaɓi inda zai sauka ba. Rabinsa a farar rigar Bappa, saura a gemunsa. Ya ɗauko butarsa ya kafa mini a baki da hannunsa, yana cewa, "Sha. Sha a hankali." Na sha. A gaban surukina, daga hannun surukina, ina azumi.

Sai ga Malam Filibus da Buba sun iso a guje. Suka tsaya. Suka dubi gwangwanina, suka dubi na Bappa da ya kife a ciyawa, suka dubi gemun. Ni dai ina roƙon Allah ya dawo da gajimaren, ko ya buɗe ɗaya daga cikin ramukan nan a ƙarƙashina.

Buba ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce, "Ango, an sha ruwa lafiya? Yau magariba ta yi sammako."

Malam Filibus ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu ya yi magana sai ya ce, "Shi ya sa. Tun da muka hau tsaunin nan ni da Buba muke cinye abincin mutum huɗu. Wannan ya ce azumi, wannan ya ce sai an jima."

A nan na fahimta. Ni da nake ta sunkuyar da kai don kada in kalli Bappa, ban taɓa lura cewa shi ma bai sa komai a baki ba. Kunyar da nake ji, shi ma ita yake ji. Tsoho da shi, ya hau wannan tudun da yunwa saboda ni.

Bappa ya share gemunsa da bakin rawani, a natse, kamar ba abin da ya faru. Sannan ya yi magana, kuma ba da Buba ya yi ta ba.

"Yaro, a kan dutse babu suruki," ya ce. "In mun sauka Yola, kowa ya ɗauki kunyarsa inda ya ajiye. Yanzu juya."

Ban gane ba, sai da ya kama kafaɗata ya juya ni na fuskanci gabas. Shi kuma ya zauna ya fuskanci yamma, ya jingina bayansa da nawa. Ya ce wa Malam Filibus ya kawo burodin. Haka muka ci, ba mai ganin bakin wani. Ina jin ƙasusuwan bayansa ta cikin bargo, ina jin ɗuminsa, har ina jin lokacin da yake haɗiya. Tun ina ɗan tsakura har na saki jiki.

Muna zaune a haka ya fara magana, da Hausarsa mai gauraye da Fulatanci. Ya ce can ƙasa, inda ƙoramu biyu suka haɗu, nan rugarsu take a da. Nan mahaifiyarsa ta rasu yana yaro, nan aka binne ta, yanzu ko alama babu sai ciyawa. Ya ce ya daɗe yana son ya sake ganin wurin kafin ƙafa ta ƙi, amma ba ya son zuwa cikin taro, kuma ba ya iya zuwa shi kaɗai. Ban juya ba, don na ji muryarsa ta canja. Muka ɗaga hannu muka yi mata addu'a, Malam Filibus ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Na daɗe ina kallon tuddan nan da inuwar gajimare tana bi ta kansu, sai can na lura tun safe ban tuna da kwaɗon shagona ba.

Sauran kwanakin haka muka yi su. In an sauke abinci, Buba ya ce, "Surukai, a juya," mu kuwa mu juya.

Da muka dawo Yola, Bappa ya cika maganarsa. Na je gaisuwa na durƙusa a zaure, ya amsa yana kallon tabarma, kamar bai taɓa riƙe ƙeyata ba. Har ya bar duniya ban sake cin ko goro a gabansa ba. Na shiga wata sabuwar damuwar: me ya faɗa a cikin gida? Na hana Dija sakat har sai da ta je ta jiyo daga bakin mahaifiyarta. Ta dawo tana danne dariya da gefen mayafi.

"Me ya ce?"

"Ya ce yaron yana da kunya, hankalinsa ya kwanta." Ta ɗan tsaya. "Ya ce kuma in dinga ƙara mai a dambu, mijina ba ya tauna abinci."

Na fita bayan ɗaki na zauna ni kaɗai, ina dariya ina share ido.

Azumin na rama shi, biyu kamar yadda na yi alkawari, na ƙara ɗaya saboda kokwanto. Abin da na koya kuma ba shi da yawa. In za ka hau dutse, ka tafi da mutane kaɗan waɗanda za su iya ganinka a mafi munin kamanninka su kuma ci gaba da tafiya da kai. In kuwa kunya ta hana ka ci, ka ɗan saci kallon wanda kake jin kunyar, wataƙila shi ma yunwar yake ji. Sannan, ko mene ne ya faru, ka tauna.